Zobe Ya Sauka Inda Ba Gurbinsa Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Filafilin Jirgi Ɗinkin Gida

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta dawowa daga bakin masu ɗinka wa ƙananan jiragensu filafili da hannunsu, wato ƙyallen nan da ake ɗaurawa a jigon jirgi iska ta tura shi. Zoben da ake magana a kansa shi ne na ƙarfe da ake bugawa a bakin ƙyalle don igiya ta ratsa, wanda teloli da masu ɗinkin tamfol ke kira ailet. Gida biyu ne: namiji mai dogon wuya, da mace wadda wuyan ke naɗewa a kanta idan an buga.

1. Na buga zobe, sai daga baya na ga ba a gurbinsa yake ba. Filafilin ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. Na san yadda gaba ke faɗuwa idan mutum ya yi kwanaki yana awo da yanka da ɗinki, sannan bugu uku na guduma su bar masa rami a inda bai so ba. Amma wannan kuskure yana cikin masu sauƙin gyara. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne yankan ƙyalle ba bisa awo ba.

Ka riƙe abu guda tun daga nan, domin duk sauran amsoshin a kansa suke tsaye: ba zoben ne ke ɗaukar nauyi ba, ƙyallen da ke kewaye da shi ne. Aikin zobe shi ne ya hana igiya cin bakin rami, ya kuma rarraba jan igiyar ga ƙyallen da ya damƙa. Saboda haka gyaran zoben da ya kauce, a gaskiyarsa, gyaran ƙyalle ne. Idan ka mayar wa wurin da ƙarfinsa, buga sabon zobe aikin minti biyar ne. Idan ba ka mayar ba, ko zoben ya zauna daidai kan alama, iska za ta fizge shi.

2. Ta yaya zan tabbatar zoben ne ya kauce, ba ɗaurina ne ya karkace ba?

Kada ka yanke hukunci filafili yana shimfiɗe a tsakar gida. Ɗaura shi a sandunansa, ka ɗaga shi a jigo ranar da iska ke kaɗawa a hankali, ka ja baya ka duba. Idan ka ga gajerun layukan tattara sun taso daga zobe guda kamar yatsun hannu, fara da sassauta igiyar wannan zoben kaɗai. Sau da yawa tattarar takan ɓace nan take, ka gane ashe ɗauri ne ya yi tsauri.

A filafili mai kusurwa huɗu akwai dogayen layuka biyu da ke rikita sababbin hannu. Idan tattara ta taso daga kusurwar sama ta wajen jigo ta gangara zuwa kusurwar ƙasa ta baya, wannan ba laifin zobe ba ne: ƙololuwar filafilin, wato kusurwar sama ta baya, ita ce ba ta samu isasshen ja ba. Ƙara ɗaure igiyar da ke jan filafili ƙasa, ko ka ƙara tura sandar da ta tokare ƙololuwar. Idan kuwa layin daga ƙololuwa ya taso zuwa kusurwar ƙasa ta gaba, kuma yana ɓacewa da zarar iska ta cika ƙyallen, to haka ake so. Sai ka gwada duk wannan, tattara ta ƙi tafiya, sannan ka ɗauko abin awo ka gwada gurbin zoben da zanen da ka bi.

3. Duk zobban filafili nauyinsu ɗaya ne?

Ko kusa. Kashi uku suke, kuma kafin ka taɓa komai sai ka san a wane kashi naka yake. Na farko su ne na kusurwoyi, tare da manyan zobba biyu na layin rage filafili, wato layin da ake tattare ƙasan ƙyallen a ɗaure idan iska ta yi ƙarfi, ɗaya a bakin gaba, ɗaya a bakin baya. Waɗannan su ne 'yan dako. Na biyu su ne jerin ƙananan da ake ɗaure filafili da su a jikin jigo ko sanda. Suna raba nauyin a tsakaninsu, kowane da ɗan rabonsa. Na uku su ne ƙananan da ke tsakiyar layin ragewa, waɗanda bai kamata su ɗauki nauyi ba sam (duba tambaya ta 14).

Ga abin da ya sa na kusurwa ba abin wasa ba ne. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana danna kowane murabba'in mita na ƙyalle da nauyin da ya kai wajen kilo 6. Filafili mai murabba'in mita 5 ke nan yana ɗauke da kimanin kilo 30. Idan gudun iskar ya ninka, nauyin ba ninkawa yake ba, sau huɗu yake komawa: kilo 120. Kuma jan da ke kan kusurwa yakan wuce haka, domin ƙyallen a miƙe yake. Ka tuna igiyar shanya: idan ka ja ta ta miƙe sosai ka rataya bokitin ruwa a tsakiya, ƙusoshin da ke riƙe da ita a bango suna jin abin da ya fi nauyin bokitin nesa ba kusa ba.

4. Zan iya barin wanda ya kauce in buga wani kusa da shi?

A jerin zobban ɗauri, wannan shi ne abin da na fi ba da shawara. Tsohon zoben da ya zauna da kyau yana rufe bakin raminsa, ba ya barin yaga ta fara, kuma ba ya rage gudun jirgi da komai. Cire shi ne ma zai iya jawo ɓarna, garin neman gira a rasa ido. Sharaɗin shi ne a samu isasshen ƙyalle tsakanin tsoho da sabo. Ni ba na yarda da abin da ya gaza faɗin zobe guda cikakke tsakanin bakin wannan da bakin wancan, kuma idan tamfol ne nakan so ya fi haka.

A kusurwa kuwa ban yarda da wannan dabara ba, sai in tsohon ramin ba ya kan hanyar ja. Miƙa zare daga sabon gurbin zuwa tsakiyar filafili, sannan zuwa kowace kusurwa da ke maƙwabtaka. Idan zaren ya ratsa ta kan tsohon zobe ko ya goge shi, cire shi ka yi maho kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 6 da ta 7.

5. Kaucewar ba ta wuce milimita uku ko huɗu ba. Sai na yi duk wannan aiki?

Idan zoben ɗauri ne, ƙyale shi, ka daidaita da tsawon igiyarsa. Idan dole sai ya matsa, akwai hanya gajera: cire shi, ka huda sabon rami mafi girma wanda zai haɗiye tsohon gaba ɗaya amma tsakiyarsa ta karkata wajen da kake so, ka buga zobe mai lamba ta gaba. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan matsawar ba za ta kai ka kusa da bakin ƙyalle ba. Abin da ba a yi shi ne huda ramin da ya ci rabin tsohon, ya zama kamar lamba 8. Zobe ba zai samu abin damƙa a gefe guda ba.

6. Yaya ake cire zobe ba tare da an yaga ƙyallen ba?

Juya filafilin ta wajen macen, inda wuyan namijin ya naɗe. Wannan naɗin kaɗai ke riƙe da gidajen biyu, shi za ka karya. Idan zoben siriri ne irin na kasuwa, sa bakin ƙaramin sukundireba a ƙarƙashin naɗin ka riƙa ɗaga shi kaɗan kaɗan kana zagayawa, kana tura shi cikin ramin. Idan ka zagaye, macen za ta fita da kanta. Filaya mai yanka ma tana yi: ka datse naɗin a wuri biyu ko uku, ka lanƙwasa gutsattsarin ciki. Ko yaushe bakin kayan aikinka ya fuskanci ramin, kada ya fuskanci ƙyalle, domin in ya zame ya faɗa inda babu komai.

Zobe mai kauri, musamman mai haƙora, ya fi son magagari ko injin huda. Da injin, zaɓi baki wanda ya ɗan fi ramin faɗi, ka ci naɗin kawai, kada ka ratsa. Haɗarin nan shi ne zoben ya kama bakin injin ya shiga juyawa. In ya juya zai yi zafi, ledar tamfol kuwa tana narkewa tun wajen digiri 110 zuwa 130 a ma'aunin Salshiyas, ga haƙoran za su yanka ƙyallen kewaye. Sa wani ya damƙe zoben da filaya, ka tafi a hankali, kana tsayawa kana taɓawa. Idan naɗin ya cinye, raba gidajen a miƙe, kada ka murɗa. Sannan ka kakkaɓe garin ƙarfen tas kafin ya shige cikin saƙa.

7. Na cire. Yaya zan toshe tsohon ramin har in sake hudawa kusa da shi?

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata lokacinka. Nemi ragowar ƙyallen da ka yi filafilin da shi, domin maho da uwar ƙyalle su riƙa miƙewa tare. Idan ka sa maho mai tauri a kan ƙyalle mai miƙewa, yagar za ta koma bakin mahon. Da farko ka cike ramin kansa: yanka ƙananan da'irori daidai girmansa, adadin ninkin da ke wurin, ka jera su ciki. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai sabon zobe ya zauna rabi a kan tudu rabi a kan kwari, ya karkace, ya kasa damƙa daidai.

Sannan ka yanka maho biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ƙaramin ya wuce tsohon rami da sabon gurbi da aƙalla santimita 4 ko 5 ta kowane gefe, babban kuma ya fi shi da santimita 2 ko 3. Kada bakunansu su faɗi a layi ɗaya, domin inda kauri ya yanke farat ɗaya nan ƙyalle ke karyewa idan yana kaɗawa. Zagaye kusurwoyin mahon da almakashi. Ka duba saƙar: zaren maho ya bi inda zaren filafili ya bi. Idan ramin kusa da baki yake, ya fi kyau ka yanka maho guda dogo ka naɗo shi ta bakin ya rufe gaba da baya. Riƙe shi da salatif mai danƙo fuska biyu don kada ya zame, ka ɗinka kewayen, ka ƙara layi ɗaya da ya zagaye tsohon ramin. Ka tsara ɗinkin yadda sabon rami ba zai yanka zare ba.

Idan filafilinka na Dacron ne, wato yadin foliyesta da ya maye gurbin auduga a jiragen iska tun shekarun 1950, yanka mahon da wuƙa mai zafi don bakin ya narke ya rufe. Idan buhu ne marar leda a jiki, saƙarsa warwarewa take yi, sai ka kalmashe bakin mahon ciki kafin ka ɗinka.

8. Nawa na tamfol ne. Gam ko salatif kaɗai ba za su isa ba?

Tamfol ɗin leda saƙar foliyetilin ce da aka shafe da leda gaba da baya, kuma foliyetilin yana cikin abubuwan da gam ya fi ƙin kamawa. Gam ɗin takalmi zai yi kamar ya kama, bayan kwana biyu a rana ka ɓare shi da yatsa. Salatif mai danƙo fuska biyu irin na shimfiɗar kafet ta waje ya fi kamawa, har akwai masu ƙananan jirage a Amurka da ke haɗa filafili sukutum da shi. Amma danƙo yana laushi a zafi, ya riƙa zamewa a hankali a ƙarƙashin ja, kuma zafin ranarmu ba irin nasu ba ne.

Don toshe ramin da ba ya ɗaukar nauyi, salatif mai kyau gaba da baya ya wadatar, in ka wanke wurin da sabulu ya bushe sarai, ka kuma murza shi sosai da bayan cokali. Duk inda zobe zai zauna igiya ta ja, sai an ɗinka.

9. Wane zare, wace allura? Keken ɗinkin gida zai iya?

Zaren foliyesta mai jure rana ake so. Masu sayar da kayan filafili suna kiransa V-69, mai kaurinsa kuma V-92. Na farkon yana tafiya da allura lamba 16 ko 18, kuma yawancin kekunan gida suna iya jansa. Zaren auduga ruɓewa yake a ruwa, na nailan kuma yana miƙewa, rana tana cinsa da wuri. Ɗinkin zigizag ya fi, domin yana miƙewa tare da ƙyalle. Idan kekenka miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, irin baƙin keken nan na ƙafa, babu laifi: yi layi biyu ko uku, ka buɗe takun ɗinkin zuwa milimita 4 ko 5. A tamfol wannan ya zama dole, domin ɗinki mai matsattsen taku yana jera ramuka kamar na takardar rasit, ya yage a kan layin.

Idan ninkin ya yi wa keken kauri, juya shi da hannu taku ɗaya ɗaya. In ya ƙi, ɗauko basilla ka huda, ka bi da allura da zare ninki biyu da aka goga wa kakin zuma. Masu ɗinkin tamfol na manyan motoci da rumfunan biki suna da kekunan da ke cin wannan kauri ba wahala. Kai musu, amma ka zana layukan ɗinkin da kanka ka tsaya a wurin, domin su rufin kaya suka saba, ba abin da iska za ta ja ta kusurwa ba.

10. Yaya zan buga sabon don kada in maimaita kuskure?

Yi alamar gicciye mai dogayen hannuwa, ba ɗigo ba. Ɗigo yana ɓacewa a ƙarƙashin mahuji, amma hannuwan gicciye suna leƙowa ta gefe huɗu su nuna maka ko kana tsakiya. Ɗora ƙyallen a kan gungumen katako mai tauri, ta wajen da aka yanke gungumen. Ramin ya zama matsattse, yadda sai ka ɗan tura wuyan namijin kafin ya shiga. Rami mai faɗi shi ne babban dalilin da zobe ke fita.

Ajiye mazaunin bugu, wato ƙarfen da zoben ke zama a kansa lokacin bugawa, a kan daɓen siminti, ba a kan tebur mai rawa ba. Namiji a ƙasa, ƙyalle, sannan mace. Bugu matsakaita da yawa sun fi bugu ɗaya na ƙarfi. Kana bugawa kana ɗan juya ƙarfen bugun don naɗin ya kwanta daidai ko'ina. Idan ka gama, kama zoben da yatsu biyu ka gwada juya shi. In ya juya, bai zauna ba, ƙara bugu. In wuyan ya tsattsage kamar fure, ko dai ƙarfen bugun ba na wannan lamba ba ne, ko wuyan ya yi wa kaurin wurin tsawo. Cire shi, domin tsagin zai ci igiya. Kafin ka taɓa filafilin, gwada sau biyu a kan ragowar ƙyalle mai ninki daidai da na wurin.

11. Wane irin zobe ya kamata in saya?

Na tagulla zalla, ko tagullar da aka yi wa farin rufi, ko ƙarfen da ba ya tsatsa idan kana da kayan buga shi, domin yana da tauri. Yawancin masu arha a kasuwa baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan tagulla; damina ɗaya za su yi tsatsa, tsatsar ta ɓata ƙyalle ta ci zare. Tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu. Tagullar gaske ba ta kama shi.

Wajen girma, lamba 0 raminta kusan rubu'in inci ne, ta isa ƙananan igiyoyin ɗauri. Lamba 2 wajen milimita 10 ce, lamba 4 kuma rabin inci, wato kusan milimita 13, wadda ta dace da kusurwar ƙaramin filafili. Don kusurwa nemi mai haƙora: macensa tana da ƙananan haƙora da ke ratsa ƙyalle su shige cikin naɗaɗɗen bakin namijin, ƙarfensa kuma ya fi kauri. Sai dai yana da nasa mazauni da ƙarfen bugu dabam, na zobe marar haƙora ba ya yi masa ko da lambarsu ɗaya.

12. Ba ni da kayan bugawa, ko kuma wurin ya riga ya sha huda. Akwai wata hanya?

Akwai biyu, kuma a ganina duka sun fi zoben bugawa ƙarfi a kusurwa. Ta farko ita ce ɗamarar nailan ko foliyesta, irin ta hannun jaka mai kyau ko bel ɗin kujerar mota. Toshe tsohon ramin, ka samo zoben ƙarfe rufaffe marar tsatsa, ka ratsa ɗamara biyu ko uku ta cikinsa, kowace ta kwanta rabi a gaban filafili rabi a baya, su baje kamar yatsun kaza: ɗaya ta bi wannan baki, ɗaya wancan, ɗaya ta nufi tsakiya. Kowane hannu ya kai santimita 15 zuwa 20 a ƙaramin filafili. Ka ɗinke su ratsa duka ninkin. Amfaninta a nan shi ne ba ka sake huda komai ba, kuma kai ke zaɓar daidai inda zoben zai tsaya.

Ta biyu ita ce hanyar da masu ɗinkin filafili suka bi ɗaruruwan shekaru kafin zoben bugawa: zoben ɗinki. Ana ɗora zoben tagulla, ko wanda aka murɗa da silin igiya, a kan ƙaramin rami, a riƙa ratsa zare mai kaki daga wajen zoben a fito ta cikin ramin, har a rufe shi ruf da zare. Ka riƙa bambanta nisan huda, wannan kusa wancan nesa, don kada ramukan allura su jeru a da'ira guda. Kowane taku yana kama nasa ƙyallen, shi ya sa yake da wuyar fizgewa. Duk baduku mai ɗinkin sirdi ko jakar fata zai gane wannan aiki da kallo ɗaya, kuma zai iya lulluɓe maka cikin zoben da 'yar fata don igiya kada ta ci zaren.

13. Zoben kusurwa ya yi kusa da baki, har ƙyallen ya fara buɗewa. Maho zai isa?

Idan yagar ba ta kai bakin ba, maho mai naɗowa ta baki da aka ambata a tambaya ta 7, tare da ɗamarar tambaya ta 12, za su riƙe. Idan ta kai baki, ko ta yanka igiya ko kalmasar da ke cikin bakin, to kusurwar ce za ka sake ginawa. Farke ɗinkin tsofaffin ninkin, ka yanke ruɓaɓɓen wurin, ka sa sabon ƙyalle da ya hau kan tsohon da faɗin tafin hannu, ka mayar da ninki huɗu ko biyar, kowane ya fi na samansa girma. Igiyar baki kuma a haɗa ta yadda za ta zagaye kusurwar ba yankewa, zoben ya zauna a cikin gwiwarta.

Kafin ka fara, gwada lafiyar ƙyallen. Soka allura a wajen mahon ka ja ta gefe da ɗan ƙarfi. Idan ƙyallen ya tsage cikin sauƙi, ko tamfol yana zubar da gari idan ka murza, rana ta riga ta cinye shi. Sabon maho a kan irin wannan ba ya hana komai, gefensa zai yage. Cire zobbanka masu kyau ka ɗinka sabon filafili, tsohon ya zama abin awo.

14. Ƙananan zobban layin ragewa sun sauka ƙasa da layin manyan biyun. In ɗaga su?

Kada ka taɓa su, daidai suke. Idan iska ta yi ƙarfi aka rage filafili, manyan zobba biyu na gaba da baya su ke zama sababbin kusurwoyin ƙasa, su ke ɗaukar ja. Ƙananan na tsakiya aikinsu kawai tattara ƙyallen da ya yi saura don kada ya yi ta lilo. Shi ya sa da gangan ake sauke su 'yan santimita ƙasa da layin. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne wanda ya hau sama da layin, domin shi zai fara jin ja kafin manyan, kuma a tsakiyar filafili yake inda ninki bai da yawa. Irin wannan ne ke tsaga filafili gida biyu a daidai lokacin da iska ta fi tsanani. Buga wani a ƙasa, ka zare igiyar daga na saman don kada wani ya ɗaura da shi bisa kuskure.

15. Idan jirgin na gasar tsere ne, an yarda da irin wannan gyara?

Ya danganta da dokar ajin jirgin, wato rukunin jirage masu ƙira ɗaya da ke tsere tare. Optimist, ƙaramin jirgin yara da Clark Mills ya zana a Florida a 1947, dokokinsa sun ƙayyade girman filafili da gurbin zobbansa da girman ninkin kusurwa, kuma ana aunawa kafin manyan gasa, don haka ƙarin zobe ko babban maho na iya sa a ƙi filafilin. Puddle Duck Racer kuwa, jirgin katako mai tsawon ƙafa 8 da aka fara a Texas, wanda masu shi da yawa ke yi wa filafilin tamfol, ƙirar gindin jirgin ya ƙayyade, ya bar wa kowa filafilinsa. Karanta dokar ajinku kafin ka huda.

16. Idan zobe ya fizge ina tsakiyar ruwa fa?

Fara da sakin igiyar da ke riƙe da filafili don iska ta zube, ka sauke shi. Filafilin da kusurwarsa ta tsinke yana bulala da ƙarfi, kowane kaɗawa yana ƙara tsawon yagar, kuma yana iya karkata ƙaramin jirgi. Kowa ya zauna ƙasa, rigar ruwa a jiki. Idan gaɓa na kusa, tuƙa da hannu ya fi.

Idan dole sai ka sake ɗagawa, nemi abu mai santsi kamar ƙaramin dutse, goriba ko dunƙulen tsumma. Sa shi a cikin ƙyalle mai lafiya, tafin hannu guda daga yagar, ka tattaro ƙyallen ya lulluɓe shi, ka shaƙe wuyan da igiya ta zarge. Wannan ƙulli yana kama ƙyalle da yawa a lokaci guda, kuma zai kai ka gida idan ka rage filafilin ka bi a hankali. Zoben ɗauri guda kuwa in ya fita, ƙyale shi, maƙwabtansa za su riƙe har ka sauka.

17. Na gama gyara. Ta yaya zan san zai riƙe kafin in shiga ruwa?

Gwada shi a tudu. Ɗaura igiya a zoben, ka sa mutum biyu su riƙe filafilin ta ninkin sauran kusurwoyi, ko ka ɗaure su a bishiya, ka jingina da nauyinka a hankali ta fuskar da igiyar za ta ja a jirgi. Kana ja kana kallon abu uku: ko zoben yana karkata, ko ƙyalle yana zamewa daga ƙarƙashin bakinsa, ko ramukan allura suna buɗewa. Kafin ka ja, zagaye bakin zoben da biro. Idan bayan ja ka ga tazara tsakanin layin biron da ƙarfen, ƙyallen ya zame, sai a koma tambaya ta 10 ko ta 12.

Fitar farko ka yi ta da safe, iska tana sanyi, kusa da gaɓa, na rabin awa. Ka dawo ka sauke filafilin ka sake duba layin biron, ka bi ɗinkin mahon da farce gaba da baya. Idan filafilin ya sha ruwan gishiri, wanke zoben da ruwan daɗi, ka bar shi ya bushe a inuwa kafin ka naɗe.